Yadda Ake Rufe Tagar da Ta Sandare

Ba zan ce maka ka danna alamar X da ke kusurwa ba, na san ka riga ka danna har yatsa ya yi zafi. Tagar ta yi fari-fari kamar an watsa mata toka, ɗan zoben nan kuma sai juyawa yake. Haka wata manhajar rubutu ta yi mini makon nan, da rahoton da ake jira da safe a cikinta.

Na ɗaya: Alt da F4. Gwada don zuciyarka ta huta, amma ka sani roƙo ne. Saƙo kake aika wa manhajar cewa ta rufe, alhali cutar da ke damunta ke nan, ta daina karɓar saƙo. Windows tana jira kamar daƙiƙa 5, in shiru ya yi yawa sai ta rubuta a saman tagar cewa ba ta amsawa. A laptop da yawa ma sai ka haɗa da Fn, in ba haka ba wani aikin daban F4 zai yi maka.

Na biyu: Ctrl, Shift da Esc. Wannan zai buɗe Task Manager, ka nemi mai laifin a jeri, ka danna End task. Amma tukuna, bari mu yi maganar ɗan akwatin nan da ke fitowa yana tambaya: za ka rufe ne ko za ka jira? Ni za a tambaya? Wa ke cikin injin, ni ko Windows? Ita ke ganin abin da ya cika ƙwaƙwalwar, ita ta san ko manhajar aiki take ko ta mutu tsaye. In na jira, ba a faɗa mini minti ɗaya ne ko har asuba ba. In na rufe, aikin ya tafi. An ɗora mini hukunci, an ɓoye mini shaida, kuma duk wanda na zaɓa a kaina zai ƙare. Wallahi wannan tambaya ta fi sandarewar ci mini rai!

Ina muka tsaya? Na uku, ko na huɗu. In Task Manager ɗin ma ya ƙi fitowa, saboda cunkoson da ya tare kowa shi ma ya tare shi, sai Ctrl, Alt da Delete. David Bradley ne ya ƙirƙiro haɗin nan don kwamfutar IBM ta 1981, kuma a 2013 Bill Gates da bakinsa ya ce a Harvard kuskure ne a sa mutane shiga Windows da shi, maɓalli ɗaya ya so. Har yau muna miƙa yatsu uku.

Masu Mac, Command, Option da Esc. Masu Linux suna da xkill, wanda ke sauya kibiyar linzami, duk tagar da ka taɓa ta ɓace nan take, ko da ba ita ka nufa ba, don haka ka riƙe hannunka da kyau. A Linux mai amfani da Wayland kuwa galibin tagogi ba sa jin maganarsa, sai ka nemo lambar aikin ka buga kill -9.

Sai kuma mutumin da zai leƙo ta kafaɗarka ya ce, "Malam, ai da ka adana." Na adana! Wajen adanawar ta sandare. Ba ni da shawara a kan wannan mutumin.

In duk sun ƙi, danne maɓallin kunnawa, kada ka saki sai allon ya yi baƙi. In kwamfutar ta tashi, fara buɗe manhajar ka ga ko ta tsinto maka wani abu, kafin ka kira mai jiran rahoton.