Addu'a da Hausa, Rigima da Yaren Gida

Mu mutanen Kudancin Kaduna Allah ya yi mu da wani hali. In rigimar iyakar gona ta tashi, ko ana cinikin sadaki, kowa yarensa yake zarowa: Bajju su kama Jju, Atyap su kama Tyap, mutanen Kwoi su kama Hyam, na Kagoro su yi nasu. Amma ka ce wa dattijon nan da ya gama zazzaga yare ya buɗe mana taro da addu'a, sai ya cire hula, ya gyara murya, ya kwararo Hausa har da su "madawwami" da "maɗaukaki", irin wadda ko a Zariya sai an nemi tsofaffi kafin a ji ta.

In wannan zance ya taso a dandali, wani dattijon ikilisiya a unguwarmu dariya yake yi. Yakan ce, "Ku yara ba ku san abin mamakin ba. Kakanninmu duwatsun Kagoro suka hau don gudun mahara daga Zazzau da Jama'a. Hausa a kasuwa suke barin ta. Wanda ya shigo mana da ita har ɗaka Bature ne mai ɗauke da littafi. An gudu ba a tsira ba ke nan."

Kuma gaskiyarsa. A 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar kai bishara yankin da a lokacin ake kira Sudan, wanda ya haɗa har da Arewarmu. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya koma. Ƙungiyarsu ta SIM ba ta fasa ba. Da Turawan mulki suka taka wa 'yan mishan birki a manyan masarautun Musulmi, sai suka karkato wajenmu: Kwoi a 1910, Kagoro a shekarun 1920, daidai lokacin da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, ya kwaso Ibo da Yarabawa da nasu coci-coci. Bature ya duba ya ga in ya yi tafiyar yini guda sai yare ya canza. Wanne zai koya, wanne zai bari? Sai ya ɗauki Hausa. Da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya sa hannu a ciki, magana ta ƙare. Da ita aka koya wa iyayenmu karatu, da ita aka horar da masu bishara a makarantar Baibul ta Kagoro, da ita muke rera Littafin Waƙoƙi har gobe.

Dubi sunayenmu ma. Gida ɗaya za ka tarar da Bulus da Bitrus da Ishaya, ga Rifkatu ga Saratu, ga kuma Ɗanladi da Laraba. Ɗanmu mai suna Yakubu ko Haruna ya je Legas, a yi ta kiransa Malam, a nuna masa masallaci, shi kuwa babansa fasto ne. Yanzu an koma su Blessing da Favour, kaka tana ta fama da harshe har ta gaji ta laƙaba wa jika nata sunan, shi ne kuma zai bi yaron.

Inda raha take zafi shi ne tsakanin 'yan ECWA, cocin da SIM ta haifa, da 'yan Katolika. SIM ta zo da doka mai tsauri: ba burkutu, ba mace ta biyu, ba rawar dodo. Mai mata uku da ya karɓi bishara sai a ce ya zauna, amma baftisma da jibin Ubangiji sai ya sallami biyu. Wata tsohuwa a layinmu ba ta yafe wannan ba har yau. Takan ce, "Ɗana, ina za su je? Da 'ya'yansu? Wanda ya kafa dokar nan bai taɓa noman citta da hannu ɗaya ba." Su kuwa limaman Katolika, yawancinsu 'yan ƙasar Ailan, kan maganar aure ba su sassauta ba, amma kan ƙwaryar burkutu ba su cika ɗaga murya ba. Shi ya sa ɗan ECWA yake tsokanar ɗan Roman cewa kakansa ƙwarya ya bi, ba wa'azi ba. Ɗan Roman kuma ya mayar masa: "Mu a fili muke shan namu. Ku fa, me ke kai ku bayan gari ran kasuwa?"

Ganga ma da farko cewa aka yi kayan dodo ce, kada ta kusanci majami'a. To, wa ya dawo da ita? Iyayenmu mata. Ka tsaya ka ga Zumuntar Mata sun shigo cikin anko, ana buga tulu, ana kaɗa caki, jagora ta ba da waƙa sauran su amsa, ƙafa tana tafiya irin ta rawar kaka. Bingham da zai tashi ya gani, sai ya tambaya ko cocinsa ne. Nasa ne, amma tun 1954 da aka kafa ECWA ragama ta fara dawowa hannun 'yan ƙasa, muka yi mata ɗinki daidai jikinmu. Haka bukukuwa: Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, Tuk Ham a Kwoi wajen lokacin Ista. Fasto ya buɗe da addu'a, ya koma ya zauna, maharba su fito da baka da ƙaho, kowa ya ce amin ya shiga fili.

Ba ma musun alherin da muka samu. Makarantun mishan ne suka cika Arewa da malamanmu da nas-nas da sojoji da akawuna, kafin gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Matanmu sun haihu a asibitin Saint Louis na Zonkwa. Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro sama da shekara 60 har rasuwarsa a 2008, ɗan hannun SIM ne. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ɗan Anchuna ne a ƙasar Ikulu. Kafanchan kanta ta samu dayosis ɗin Katolika a 1995, Joseph Bagobiri ya zama bishop na farko. Amma an yi asara. Da aka kori dodo, tarihin dangi da waƙoƙin noma da ilimin ganyayyaki da yawa sun bi shi, don a bakin tsofaffin kurmi suke, ba wanda ya rubuta.

Alhaji maƙwabcinmu in ya ji muna wannan lissafi sai ya ce, "To ku gode mana, da harshenmu kuke roƙon Allah." Mu ce masa, "Alhaji, aro muka yi, kuma ba mu lalata ba." Shi muke kira ya yanka akuyar Kirsimeti don gidansa su ci, shi kuma ran Layya cinyar rago tana ƙetaro katanga. Gari irin Kafanchan da ya ga tashin hankalin addini na Maris 1987 da waɗanda suka biyo baya ya san wannan kwano mai kai da kawowa ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ba mu son a faɗa shi ne wannan: Bature ya daɗe da tafiya. An fassara Sabon Alkawari da Jju, an fassara da Tyap, amma miƙa wa mai karatun Lahadi ka ga gumi. Hausa ta fi masa sauƙi, 'ya'yansa kuma Turanci da Burokin. In yare ya mutu yanzu, a hannunmu ya mutu. Kwanan baya matasa suka kira taron ceto harshen gida, aka cika ɗaki maƙil. Shugaba ya yi jawabi da Hausa don kowa ya gane, sakatare ya rubuta rahoto da Turanci, aka tsayar da shawara cewa lallai yara su koyi yare. Wata mama ta ɗaga hannu daga baya ta ce, "Ranka ya daɗe, a wurin wa?"