Zuwa ga Bawana na Yendi, Mai Masaukin Baƙon Turai

Bawana ɗan goggona, gaisuwa daga Salaga. Labarinka ya riga ka isowa. An ce ka ga wani ƙaton ƙwaro yana ruri a kan furen wakenka, ka yar da butar ban-ruwa, ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da numfashi ya dawo sai ka laɓe ka ɗauke shi hoto, ka watsa wa dangi har Bawku, wai ƙudan zumar Turai mai gashi ne ya sauka a Yendi. To, sannu da baƙo! Fasfonsa ka duba, ko da Turanci ya gaishe ka?

Zauna ubangidanka ya karantar da kai. Mai gashin nan na Turai da kake gani a waya ɗan ƙasar sanyi ne. Danginsa sun kai kusan iri 250 a duniya, amma ko ɗaya ba shi da gida a kudancin Sahara. Me zai zo nema a zafin Yendi? Naka ɗan gida ne, ƙudan zuma masassaƙi. Dubi bayansa: na Turai gashi ne buzu-buzu har ƙarshe, naka kuwa baƙi ne sumul yana ƙyalli. Ɗaga kai ka dubi sandunan rumfarka, za ka ga rami zagayayye daidai shigar ɗan yatsa, ga garin itace zube a ƙasa. Macen ce ta huda shi da baki. A ciki take dunƙula garin fure, ta ɗora ƙwai a kai, ta toshe, ta gina wani ɗakin. Zuma dai ba ta yi, saboda haka mayar da ƙwaryarka.

Wanda ya kore ka ma namiji ne, namijin kuwa ba shi da ƙari. Hayaniya ce kawai gare shi, ashe kun yi kama. Macen ma sai an damƙe ta take harbi. Haba bawana! Kana gari ɗaya da kabarin jarumi Babatu, ko ƙyashin jarumta ba ka ɗauka ba? Da yaƙin 1892 ya watsa mutanen Salaga, wasu suka yi Krachi wasu Yendi, su dai da dalili suka gudu.

Na ji kuma wai kana cigiyar maganin feshi. Kul! Masassaƙin nan ne yake rungumar furen tumatir da na gauta, ya girgiza shi har garin ya zubo, aikin da ƙudan zumar amya bai iya ba. A kan wake kuwa nauyinsa ke danne furen ya buɗe. Tambayi masu lambu a Bawku, za su gaya maka furen albasar da ƙwari ba su ziyarta ba irinsa ba ya cika. In rumfar kake wa tsoro, ajiye masa busasshen gungume a gefen lambu.

In watan Cika-ciki ya kama, kada ka aiko neman kuɗin shara. Mai aiki ake biya, kuma bana na ga wanda ke aiki a lambun nan. Kai dai in wake ya nuna, ka ɗoro wa ubangidanka buhu ɗaya a motar Salaga.