Masu Tarbar Baƙi a Wikipedia

Tun ranar 15 ga Janairun 2001 da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, alkawarinta bai sauya ba: kowa na iya gyara. Abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne, shi ma kowa na iya gyara masa zama. Yaro ya buɗe asusu, ya sayi data, ya raba dare yana latsa waya da babban yatsa har ya haɗa maƙala a kan garinsu, ko a kan wata jarumar Kannywood da yake mutuwar so. Gari na wayewa sai ya ga ƙararrawar da ke saman shafi ta yi ja, wani ya bar masa saƙo a shafinsa na tattaunawa. Ko zai ƙara rubuta maƙala ta biyu ko ya koma TikTok, ya danganta ne da wanda ya riga saura isowa. Masu isowar nan kuwa iri-iri ne, kuma na Wikipedia ta Hausa da na ta Turanci duk uwa ɗaya ta haife su.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne Malam Tambari. Bai taɓa rubuta wa baƙo jimla da hannunsa ba. Akwai shiryayyun saƙonni da aka tanada, nasa kawai ya danna. Na farko na maraba ne, ya cika fuskar waya fal da mahaɗai zuwa ginshiƙan Wikipedia biyar, da dokokin da suka haifa, da jikokin dokokin, rabinsu in ka latsa sai ka tsinci kanka cikin Turancin lauyoyi. Ba a jima da maraba ba gargaɗi zai biyo, daga hannun mutum ɗaya. A Wikipedia ta Turanci gargaɗin nan hawa huɗu ne, daga mai ladabi zuwa na ƙarshe kafin a toshe mutum, kuma da kayan aiki irin su Twinkle da Huggle, Malam Tambari na iya kai baƙo hawa na huɗu kafin shayinsa ya huce. Har masana sun bi sawunsa. Binciken da Aaron Halfaker da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna yawan editocin Turanci masu ƙwazo ya kai ƙololuwa a 2007, daga nan ya riƙa raguwa. Baƙi masu kyakkyawar niyya na nan suna zuwa kamar da, sai dai injinan tsaro da saƙonnin danna-ka-aika na korar su tun daga bakin ƙofa. In ka kai wa Malam Tambari wannan labari zai saurare ka da kyau, sannan ya manna maka saƙon godiya, shi ma shiryayye.

Bayansa sai Alhaji Ina-Hujja, wanda ya fi su duka gaskiya, ya kuma fi su ban haushi. Yaro ya rubuta cewa maharba ne suka kafa garinsu a gindin wata kuka. Alhaji ya bi jimlar ya liƙa mata “ana buƙatar hujja”.

“Ranka ya daɗe, kakana ne ya gaya mini, kuma ya haura tamanin.”

“Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A wace jarida ya faɗa?”

“Alhaji, kukar ma tana nan, ga hotonta.”

“Madalla, mun yarda da kuka. Saura maharba.”

Kuma doka na bayan Alhaji. Wikipedia ba ta karɓar abin da mutum ya sani da kansa, sai abin da aka riga aka buga a wuri amintacce. A 2012 marubucin nan na Amurka, Philip Roth, ya nemi a gyara abin da aka rubuta game da asalin wani littafinsa, aka ce masa an ji shi ne mai littafi, amma ana buƙatar majiya ta daban. Sai da ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar New Yorker, wasiƙar ta zama hujjar. To kakan yaronmu ina shi ina New Yorker? Abin dariyar ma, Tarihin Kano da ake kafa hujja da shi yau ba musu, asalinsa abin da tsofaffi suka riƙe a ka ne, aka rubuta da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya mayar Turanci ya buga a 1908. Maganar kakanni ce dai, ta ci tawada kawai. Ni ban ce a soke dokar ba, don in babu ita kowane ƙauye sai ya rantse a rijiyarsu Bayajida ya kashe macijiya. Abin da nake riƙe da Alhaji shi ne, da ya liƙa tambayarsa sai ya kaɗe riga ya tafi. Ya san Aminiya, ya san rumbun BBC Hausa, ya san littattafan tarihin masarautu da ke kwance a ɗakunan karatu na Bayero da Ahmadu Bello, amma bai taɓa ce wa yaro “duba can” ba.

Shi kuwa Sarkin Fawa ko tambayar ba ya yi. Maƙala na da jimla uku a duniya, mai ita ya tafi sallar magariba da niyyar dawowa ya ƙarasa, kafin ya shafa addu’a an rataya mata jan allo: a goge, bai shahara ba. Ma’aunin shahara a wurin Sarkin Fawa shi ne ko shi da kansa ya taɓa jin sunan. Mawaƙin da kowace tashar mota daga Maraɗi zuwa zangon Kumasi ta haddace waƙarsa, in dai jaridun Turanci ba su yi rubutu a kansa ba, a kai shi mahauta. Danginsa na ƙasashen waje sun kafa tarihi a Mayun 2018, da suka ƙi karɓar daftarin maƙala a kan Donna Strickland, masaniyar kimiyya ’yar Kanada, wai hujjojin ba su nuna ta shahara ba. A watan Oktoban shekarar aka ba ta kyautar Nobel, a ranar kuwa aka buɗe mata shafi. Faɗa wa Sarkin Fawa wannan ka ji amsa: “To ka gani? Da ta shahara ba mun saka ta ba?”

Malam Lanƙwasa ba na iya zaginsa sosai, jininmu ɗaya. Shi ba ya karanta maƙala, farautar haruffa yake yi: ɓ da ɗ da ƙ da aka bari tsirara, “yana” da aka raba biyu, “gidansu” da aka yanke wa wutsiya. Maƙala za ta ce Kano na gabas da Maiduguri, ya tsallake bai gani ba, amma a bar lanƙwasa ɗaya sai ya rubuto saƙon ta’aziyyar harshen Hausa. Bai taɓa tambayar yaron ko ya san akwai allon rubutun Hausa da zai iya sa wa wayarsa ba. Kallo na ƙayatarwa sai ran da biyu suka haɗu a maƙala ɗaya, ɗaya ya yi makaranta a Kano yana rubuta ’y, ɗaya a Damagaram yana rubuta ƴ. Wannan ya mayar, wancan ya mayar, kowa na ƙirga wa ɗan’uwansa, don ƙa’idar da aka aro daga Turanci ta hana mayar da gyara fiye da sau uku cikin awa 24. Mai maƙalar na gefe yana kallo, ba wanda ya tuna da shi. Kada kuma a ɗauka cutar ta Hausawa ce: akwai wani injiniya a Amurka da, zuwa 2015, ya gyara kuskuren nahawu guda ɗaya tak sama da sau 47,000.

Liman mai huɗuba niyyarsa fara ce tas. An tambaye shi yadda ake saka hoto, ya fara daga tarihin haƙƙin mallaka. Kafin ya iso kan hoton, datar yaro ta ƙare.

Wadda na fi tsoro duk cikinsu ita ce Hajiya Madalla, kuma ita ce kowa ya fi so. Bakinta bai iya “a’a” ba. “Masha Allah ɗana, aiki ya yi kyau, a ci gaba da gashi!” Ta haɗa da hoton tauraron yabo irin wanda editoci ke manna wa juna. Ba ta buɗe maƙalar ba. Da ta buɗe, da ta ga ɗan nata ya zuba rubutu cikin manhajar fassara da Wikimedia ta fitar a 2015, inji ya amayo, shi kuma ya danna wallafa ko duba bai yi ba. Kowace kalma Hausa ce, amma ba Bahaushen da zai gane abin da ake nufi. Baiwar Allah da ake ba da tarihinta ta fara maƙala a “ita”, a tsakiya ta koma “shi”, kafin a binne ta ta zama “su”. Kasuwar Hajiya ta fi ci lokacin gasa, in aka ce wanda ya fi yawan maƙaloli shi ke da kyauta. Ɗanta ya zuba ɗari, ta yi guɗa, ya ƙara ɗari. Wanda yake ganin wasa ne ya tambayi masu harshen Scots na yankin Sikotlan a Birtaniya. A Agustan 2020 suka farga wani matashi Ba’amurke da ba ya jin harshensu ya rubuta musu maƙaloli sama da 20,000, ya fara tun yana ɗan shekara 12, da zuciya ɗaya, yana ganin taimako yake yi. Shekara da shekaru ba a samu wanda ya zaunar da shi da gaske ba. Da aka gano kuma sai duniya ta yi masa caa, kamar shi kaɗai ne mai laifi.

Mijin Hajiya a ɗabi’a shi ne Gwani Shiru. Shi ya ga ɓarnar, ya kuma iya gyara. Cikin dare zai bi maƙalar ya daidaita jimla, ya saka manazarta, ya jera rukuni, ya fita ko tari bai yi ba, akwatin taƙaita gyara ma fayau ya bar shi. Yaro ya tashi ya ga maƙalarsa na sheƙi, ya ce lallai Allah ya yi masa baiwa. Gobe ya sake kuskuren jiya, Gwani ya sake bi. Suna iya shekara a haka ba su gaisa ba, har ran da Gwani ya gaji ya bar Wikipedia yana cewa yaran yanzu ba sa koyo.

Akwai dai Yaya, don kada a ce na rantse ba na ganin alheri. Ita takan karanta har ƙarshe, ta ga kurakurai goma, ta zaɓi ɗaya. “Ƙanena, na ji daɗin maƙalarka. Na saka maka hujja a jimlar farko, duba yadda na yi, ka gwada a ta biyu. In ta ƙi, taɓo ni.” Sauran taran ta ajiye sai wani mako. Don a samu irinta da yawa ne Wikipedia ta Turanci ta buɗe zauren shan shayi na baƙi a 2012, aka kuma ƙirƙiro maɓallin godiya a 2013. Har ƙa’ida aka rubuta cewa kada a ciji baƙi, wanda ya isa ya nuna maka irin haƙoran da ke gidan. Matsalar Yaya ɗaya ce, aikin sa-kai ne ba albashi, ga jarrabawa, ga hidimar gida, sai ta ɓace wata biyu. Kafin ta dawo an cinye mata ƙanne.

Mai cinye su kuwa sau da yawa Sabon Tuba ne. Wata uku da suka wuce shi ma bai san inda ake danna “gyara” ba, Sarkin Fawa ya yanka masa maƙala, ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Yanzu ya haddace sunayen dokoki a taƙaice, yana jefa su cikin zance ko ba a tambaye shi ba, yana kuma sa ran a ba shi admin kafin babbar salla. Tsautsayi ya kawo wani dattijo, malamin Hausa mai ritaya da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban allo, jikarsa ta buɗe masa asusu ya rubuta maƙala a kan karin magana. Sabon Tuba ya gyara zama. “Baba, barka da zuwa. Da farko, nan ba Facebook ba ne. Na biyu, Hausarka na buƙatar gyara, ka riƙa duba maƙalolina kana koyo. Na uku, duk wanda ya san aiki yana sa hannu a ƙarshen saƙonsa da alamomin nan huɗu, ka kiyaye.” Ya danna wallafa. Baba ya gyara tabarau ya duba ƙasan saƙon don ya san wanda zai yi wa godiya, bai ga suna ba.