Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Dakon Wasan Sokoban

Malam Sokoban,

Ya aiki, ya gajiya? Gajiya dai mun san akwai. Tun da Hiroyuki Imabayashi ya ɗauke ka aiki a Japan, kamfanin Thinking Rabbit ya kai ka kasuwa a 1982, kake ta tura akwatuna a mangaza, ba albashi, ba hutun Sallah. 'Yan fadarmu ta nan Aguié ne suka wakilta ni in rubuto maka, don tun da ka shigo wayoyinmu shayi ke ƙonewa a kan gawayi ba mai lura.

Da farko, don Allah wa ya koya maka dako? Turawa kaɗai ka iya. Ba ka ja, ba ka ɗagawa, akwati biyu a jere sun fi ƙarfinka. Ka zo Cadawa da kaka ka ga lodin aya: mutum biyu su kama kunnuwan buhu su aza wa na uku a kafaɗa, ya taka katako ya haye babbar mota yana ba'a. In buhu ya maƙale a lungu, a kama kunnensa a fizgo. Kai kuwa da akwati ya shiga kusurwa shi ke nan, sai ka tsaya kana kallonmu, sai ka ce mu muka gina ɗakin.

Na biyu ya fi ciwo. Ɗakunan ubangidanka ba su ishe ka ba, sai ka bar kowa ya gina maka mangaza. Ginin ma ba ya cin bulo: alamar # bango, $ akwati, ɗigo gurbin ajiya, @ kai kanka. Duk wanda barci ya ƙaurace wa sai ya zana nasa ya watsa a intanet. David Skinner kaɗai ya zuba 155 a jerin Microban a shekarar 2000, wai na masu koyo ne. To Allah ya raba mu da na ƙwararru.

Ga mangazar da ta kusa raba mana zumunci. Akwati huɗu ne, da siririn lungu, da ɗaki mai ƙofa ɗaya inda gurabun suke. Yaranmu masu saurin yatsa suka riƙa kai akwatin kusa gurbin kusa, ya zauna daram a bakin ƙofa, sauran ukun suka kwana waje. Wani ya jera biyu a jikin bango, suka ƙi gaba suka ƙi baya. Wani ya haɗa huɗun wuri guda, biyu bisa biyu, ba ta inda za a taɓa su. Aka yi ta komawa farko, caji na tafiya, mai caji na murmushi.

Wanda ya warware ko waya bai iya latsawa ba. Wani dattijo ne daga Gazawa da ya daɗe yana riƙe da makullin bankin cimaka. Ya leƙa, aka gaya masa dokokinka, ya ce: "Ku yaran nan, wa ke fara jera buhu daga bakin ƙofa? Ku cika ƙurya tukuna. Kuma kafin ka tura, duba inda za ka tsaya, da ta inda za ka fita." Sai ya sa aka kauda akwati ɗaya nesa da gurbinsa, aka jingine shi a tsakar fili har hanya ta buɗe, sannan aka zagayo aka shigar da shi a ƙarshe. Ya karɓi kofinsa ya ce shayin ya yi ɗaci.

Mun ji cewa a 1997 Joseph Culberson na Jami'ar Alberta a Kanada ya tabbatar da lissafi cewa matsalarka na cikin masu wuyar da kan sa kwamfuta gumi. Ba mu musa ba. Amma ka sani, abin da kake wahalar da duniya a kansa, masu mangazar gero da wake daga Gidan Rumji har Gazawa sun daɗe suna cin abinci da shi.

Saboda haka ga buƙatunmu. Ka zo koyon aiki wurin 'yan dakon Cadawa kaka ɗaya, gammo a wuyanmu. Ka roƙi masu zana maka ɗakuna su ji tsoron Allah su riƙa faɗaɗa ƙofa. Ka biya mu kuɗin caji da na sukari.

In ka ƙi, mu ma mun koyi # da $. Za mu zana maka tashar Maraɗi ranar jajibirin Sallah: amalanke a gaba, kabu-kabu a baya, rago a tsakiya, kuma ragon ba ya turuwa. Mu ga ta inda za ka bi.

Ka huta lafiya, in ana barinka.

Naka,
Mai dafa shayin fada, Aguié