Jan Ɗigon Goshin Indiyawa da Masu Rantsuwar Ba Su Taɓa Kallo Ba

Allah gafarta Malam, sassauta fuska, ba wa'azin Hindu na zo yi ba. Na san tun daga kan take wasunku suka ja tsaki. Na Kazaure ya ce, "Mu me ya haɗa mu da masu bautar saniya?" Na Roni ya ce a bincika ko na yi sallar asuba. Na Gwiwa bai tanka ba, ya dai tofar da yawu gefe. Na Babura kuwa, da yake a bakin iyaka yake, ya saba ganin baƙin kaya, cewa ya yi a bar ni in gama, in ya so a yanke mini hukunci gaba ɗaya. Allah ya saka wa mutumin Babura.

To ku amsa mini wannan. Nargis da ta sa iyayenmu zubar da hawaye a Mother India, fim ɗin 1957, wa ya kalle ta? Aljanu? Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Kano, kuma titin Daura bai taɓa hana ɗan Kazaure zuwa birni ba. Wa ya laƙaba wa Dharmendra "Sarkin Ƙarfi"? Wa ya kira Sanjay Dutt "Ɗan daba mai lasin"? Ba a yi wa wanda ba a sani ba laƙabi. Yau ma ku leƙa shagon yaron da ke tura finafinai a waya, ku ga layin masu neman fassarar Algaita, har da masu furfura da ke cewa "na yara ne." Kimanin shekara saba'in ke nan muna kallon mutanen nan suna aure, suna mutuwa, suna rantsuwa, kuma abin da ke goshinsu da wuyansu da ƙofar gidansu duk magana ce suke yi. Sanin abin da mutum ke faɗa bai zama bin addininsa ba. Rashin sanin ne ke sa a yi ta fassara shi ba daidai ba, ana kuma bugun ƙirji.

Hajiya, da ke zan fara, don ke kika fi kowa riƙe wa ya auri wa. Kin daɗe kina gaya wa jikokinki cewa duk mai jan ɗigo tsakanin gira matar aure ce. A da can zancenki na da ƙamshin gaskiya a wurare da yawa. Ɗigon sunansa bindi, kuma gurbin da ake sa shi suna ɗaukarsa mazaunin basira, abin da suke kira ido na uku. Amma yanzu a fakiti ake sayar da shi, mai ɗanko, kala-kala, 'yan mata ma mannawa suke don ya dace da sari. Shaidar aure tana sama kaɗan: jan garin nan da ake zubawa a tsagar gashi, sindur, wanda ango ke fara sa wa amarya da hannunsa ranar biki. Sai sarƙar baƙaƙen duwatsu mai ɗan zinariya a tsakiya, mangalsutra, ita ma shi ke ɗaura mata.

Yanzu tuna wuraren da kika dafe ƙirji kina salati. Jarumi ya yanki babban yatsansa ya goga jinin a tsagar gashin yarinya: ba hauka ya yi ba, cewa ya yi ta zama matarsa a gaban kowa. Mata na tafe da faranti, iska ta kaɗa, jan garin ya watse a ƙasa, ganga ta buga: mai shirya fim ya gaya miki mijin na cikin haɗari tun kafin a nuna motar. Labarin mutuwa ya iso, tsofaffi suka taru suka goge mata jan, suka farfasa mata awarwaro, gobe sai ga ta cikin farin sari, domin a wurinsu fari tufar makoki ce. Duk kin karanta waɗannan tsaf, Hajiya, har kina rigan mai fassara. Sunayen ne kawai ba ki riƙe ba, amma kika zauna kina ce mini ba ruwanki da al'adun arna.

Wutar da ango da amarya ke zagayawa ita ce shaidarsu. Dokar auren Hindu ta 1955 ma ta tanadi cewa inda al'adar biki ta ƙunshi taku bakwai a gaban wuta, aure na cika ne da taku na bakwai. Shi ya sa jarumi ba ya ɓalle ƙofa sai ana dab da gamawa. Ba lattin banza ba ne, lauya ne.

Goshin maza ma yana da nasa karatun. Zane a tsaye mai ƙafa biyu, an haɗe shi ta ƙasa wajen karan hanci, mai shi mabiyin Bishnu ne. Layi uku a kwance da toka, na Shiba ne, kuma tokar tunatarwa ce cewa jiki can zai ƙare, tunda su ƙona gawa suke yi. Samarin da suka yi ta ihu a Baahubali na 2015, lokacin da Prabhas ya tumɓuke wancan baƙin dutse ya saɓa a kafaɗa ya kai ƙarƙashin ruwa mai zubowa, sun ɗauka gwajin ƙwanji ne kawai. Dutsen alamar Shiba ne, ana yi masa wanka don ibada, shi kuma yaron ya hutar da uwarsa jidon ruwa ne. Rubutun nan mai kama da lamba uku da wutsiya, da ɗan wata da ɗigo a sama, shi ne Om, sautin da suke buɗe addu'o'insu da shi.

Kai kuma ɗan boko, mai rataye jaka zuwa kwalejin Hussaini Adamu, na ga kana murmushin "ai ni na sani." Kai ne ka ga alamar nan mai hannu huɗu a lanƙwashe a ƙofar wani gida cikin fim, ka dakatar da kallon ka yi wa abokanka lacca a kan Hitila. Sannu da ƙoƙari. An tono hatimai masu ɗauke da wannan alama a kwarin kogin Indus, sun haura shekara 4,000. Jam'iyyar Nazi a 1920 ta ɗauke ta ta ɗora a tuta, ta ɓata mata suna a Turai har yau. A Indiya kuwa fatan alheri ce. Ɗan kasuwa na zana ta a shafin farko na sabon littafin lissafinsa lokacin bikin Diwali, ana zana ta a bakin ƙofa, ana zana ta a goshin sabuwar mota. A can in mutum ya sayi abin hawa, yakan kai shi a fasa masa kwakwa, a sa lemon tsami ƙarƙashin tayoyi ya murƙushe, a rataya masa furanni. To Bajaj Boxer ɗin da ke jigilar mutane daga Babura zuwa ƙauyuka, da Keke TVS ɗin cikin gari, daga ina kuke zaton suka fito? Kada ɗan acaɓa ya firgita ya nufi bakin dam da sabulu. Mai saye ne ke yin wannan hidima, naka kuwa a kwali ya iso, a nan aka ɗaura shi.

Akwai furen da za ku ga Lakshmi, wadda suke danganta wa arziki, tana zaune a kansa kuɗi na zuba daga tafinta. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki bayan damina ya san ɗan uwansa a kama, wato bado. Saiwa cikin taɓo, ruwan ya yi kore, kwaɗi na tsalle, amma furen ya taso fari sol ko ɗigon laka babu. Nasu ya fi namu miƙewa sama, ganyensa kuma ko ka watsa masa ruwa dunƙulewa yake ya gangare. Abin da suka gani ke nan suka ce haka ya kamata mutum ya zauna a duniya ba tare da ta shafe shi ba. Mu kuma muka duba muka ga abin ci, yara suka shiga ruwa suka tsinko.

A nan zan ba Malam gaskiyarsa, don ba duka ne furanni da fitilu ba. Wannan furen shi ne tambarin jam'iyyar BJP ta Narendra Modi. Launin ruwan goro da masu zuhudunsu ke sawa ya zama tutar masu tsattsauran ra'ayi, irin waɗanda suka rushe masallacin Babri a Ayodhya ranar 6 ga Disamba 1992, inda aka buɗe ɗakin bautar Ram a Janairun 2024. A Dadri, a 2015, taron mutane sun kashe wani Musulmi a kan jita-jitar naman saniya. Indiya ƙasa ce da ƙidayar 2011 ta nuna Hindu sun kusa kashi 80 cikin ɗari, Musulmi kuma sun ɗan haura 14. Amma Malam, wannan ai hujjata ce ba taka ba. Wanda bai san fure da launi da saniya a wurinsu ba, in ya ji labarin a rediyo sai dai ya ce "Allah ya kyauta" bai san me ya faru ba.

Saniyar ma, makiyayan Kazaure, jikokin Ɗantunku, su yi mini a hankali. Su Hindu uwa suke ɗaukarta saboda nono, jihohi da dama sun hana yanka ta, kuma a gaban ɗakunan bautar Shiba akwai bijimin dutse mai suna Nandi, a durƙushe, da tozonsa. Tozon nan ku dube shi da kyau. Shanu masu tozo asalinsu daga yankin Indiya ne, har da kakannin bunajin da ke kiwo a Roni da Gwiwa. Na san Baffa ba ya yi wa saniya sujada, Allah ya tsare. Sai dai kowace ya san ta da suna, in ɗaya ta faɗi ya fi kwana uku bai ci tuwo da daɗi ba, kuma ka ce ya yanka maka ita ka ga yadda ake ɓata zumunci.

Saura kai, Allah gafarta, da ka ce ko da kuskure ba ka taɓa kallo ba, amma ka san Amitabh dogo ne. A Deewaar na 1975 yana dako a tashar jiragen ruwa da lamba a damtse, 786, wani dattijo Musulmi abokin aikinsa ya ce masa ya riƙe ta da kyau. A Coolie na 1983 ma lambar ce dai. Ka gan ta, ka wuce, wataƙila har ka ce wani tsafin Indiyawa ne. To ba ta Hindu ba ce sam. Jimillar haruffan Bisimilla ce a lissafin abajada na Gabas, Musulmin Indiya da Pakistan suna rubuta ta a saman wasiƙa da gaban mota. Ɗauko allo ka buga. In da lissafin Magariba ka saba, inda sinun ke 300 maimakon 60, za ka samu 1026, kada ka aiko mini da saƙo cewa Indiyawa ba su iya hisabi ba.