Yadda Ake Lallashin Kwamfutar Da Ta Ƙi Karɓar Windows

Ba zan ce maka ka kashe ta ka sake kunnawa ba. Duk wanda ya zo neman shawara a kan wannan ya riga ya kashe ya kunna har yatsansa ya yi kanta, ya zare filash ya hure shi ya mayar, ya canza rami, ya yi a'uziyya. Ni ma kwanan nan na fito daga wannan ukubar, don haka mu tafi kai tsaye inda ciwon yake.

Na ɗaya, ka fara tuhumar filash kafin ka tuhumi laftof. In aiki ya yi nisa sai ya cije wajen kwafar fayiloli, allo ya jefo maka lamba irin 0x8007025D, galibi fayil ne ya lalace wajen saukewa ko filash ɗin ne ba shi da lafiya, wani lokacin kuma ram. Bari in ɗan daɗe a nan, domin filash na jabu ya daɗe yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Za ka ga an rubuta giga 64 ɓaro-ɓaro a jikinsa, ka soka, kwamfuta ma ta ba da shaidar 64 ne, alhali cikinsa bai wuce 4 ba. Tun daga inda aka ƙera shi aka koya masa ƙarya. Kana zuba masa kaya yana karɓa, yana take tsoho da sabo, ba zai ce uffan ba sai ranar da ka zo karɓar ajiyarka. Wanda ya sayar mini da nawa har da dafa ƙirji: "Yallaɓai, in ya ba ka matsala ka dawo." Na koma, wai ya tafi ɗaurin aure. Akwai wata 'yar manhaja kyauta, H2testw, da ke cika filash taf ta karanta ta gaya maka ainihin cikinsa. Gwada ta kafin ka ƙona data, don fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5, kuma babu mai mayar maka da ko sisi in ya yanke ana dab da gamawa.

Na biyu, maɓallin da zai sa ta tashi daga filash. A HP F9 ne, a Dell F12, a Asus Esc. A Lenovo F12 ne, amma sau da yawa sai ka haɗa da Fn, wasu kuma wani ɗan rami ne a gefe da ake tsokana da tsinke. Acer ma F12 ce, sai dai a yawancinsu a kulle yake sai ka shiga BIOS da F2 ka buɗe shi. Duk wannan kuma cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kafin tambarin kamfani ya wuce. Ina tambaya tsakani da Allah, masu ƙera kwamfutar da suka iya haɗa kai a kan ramin USB guda, me ya hana su haɗa kai a kan maɓalli guda? Shi ya sa za ka ga magidanci da gemunsa yana ta dukan layin sama na madannai kamar mai kiɗan kalangu.

Na uku, in ta ce ba za a iya ɗora Windows a kan wannan faifan ba saboda tsarinsa GPT ne, ko kuma saboda MBR ne, faifanka lafiyarsa ƙalau. Saɓani ne kawai tsakanin yadda filash ya tashi da yadda aka tsara faifan: UEFI da GPT suke tafiya, tsohon tsarin BIOS kuwa da MBR. Ka sake haɗa filash ɗin da manhajar Rufus, ka zaɓi wanda ya dace, a wuce wurin.

Sai ranar da ka iso inda ake zaɓen faifai ka tarar da fili fetal, babu faifai ko ɗaya. A nan ake yi wa bayin Allah yankan ƙauna. A laftof masu injin Intel zubi na 11 zuwa sama akwai wani tsari, VMD, wanda in babu direbansa a filash, Windows ba ta ganin faifan sam. Ko ka sauke direban Intel RST ka nuna mata, ko ka kashe VMD a BIOS. Aikin minti kaɗan ne. Amma wani mai gyaran zai kalli allon, ya girgiza kai, ya ce had-dis ya mutu, ya sayar maka da wani, naka mai rai kuma ya shige aljihun teburinsa. Akwai masu gyara na ƙwarai da yawa, Allah ya saka musu. Wanda nake jin haushi shi ne mai saurin hannu, wanda da ya ga turjiya sai ya danna Shift da F10, ya buɗe diskpart, ya share faifan kaf, sannan ya ɗago kai ya ce, "Af, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki ne?" Akwai mana! Akwai furojet ɗin ɗalibar da ta shekara tana rubutu, akwai lissafin shago, akwai hotunan mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. Kafin kowa ya taɓa faifanka, a tayar da manhajar Linux Mint, kishiyar Windows, daga filash, tana aiki ba tare da an ɗora ta ba, a kwashe kayanka tsaf. In kuma BitLocker ya kulle faifan, sai ka nemo mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda yawanci yana cikin asusunka na Microsoft.

Lissafin na nawa na nawa ya riga ya watse, mu ci gaba haka. Maganar wuta: in batirinka ya mutu, kada ka fara sai ka ji ƙarar janareta. Ka san sauran.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kwamfutocin gwanjo. Tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa wa Windows 10 kyauta yadda aka saba, ita kuwa Windows 11 tana neman TPM 2.0 da Secure Boot da injin Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Je ka Farm Centre a Kano ka duba teburan masu sayarwa: da yawa daga cikin laftof ɗin da ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai iya saye zubi na 6 ne ko na 7, ƙarfe mai ƙwari da zai yi shekaru yana aiki, amma allo ya ce bai cancanta ba. Ka fara leƙa BIOS, don sau da yawa TPM ɗin yana nan a kashe, Intel na kiransa PTT. In babu, Rufus na da ɗan akwatin da za ka yi wa alama ya tsallake sharuɗɗan, sai dai Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga irin wannan ba. Ko kuma ka bar mata Mint ɗin nan gaba ɗaya, za ta yi maka rubutu da lissafi da intanet ba tare da ta nemi kwabo ba. Kada dai ka karyar da kwamfuta mai lafiya saboda jimla ɗaya.

To, a ce ka tsallake duk wannan, ta kai ɗari bisa ɗari, ka fara hamdala. Sai ta ce ba za ta ƙarasa ba sai an haɗa ta da intanet. Direban Wi-Fi kuwa babu, kuma ba za ka iya sauke shi ba sai ta ƙarasa. Ɗauko wayarka da igiyar caji, ka soka, ka kunna raba intanet ta USB. Ka sa ido a kan datar kuma, domin tana jin ƙanshin intanet za ta hau sauke sabuntawa, ba sallama ba neman izini.