Birnin Bai Cika Ba, Uzurinka Ne Ya Yi Yawa

To Malam, na ga ka tura hula ƙeya, ka gyara zama, ka shirya musu. Tun ban buɗe baki ba ka yanke hukunci: wai mazaunin Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba shi da inda zai koyi harbin baka, sai dai ya tattara komatsansa ya koma ƙauye. Madalla da wannan fatawa. Matso kusa, yau sai mun daddale.

Ka ce ai kwari da baka kayan mutanen daji ne, ɗan birni ya wuce nan? Subhanallahi, wa ya raɗa maka? Leƙa wurin gini da daddare ka ga abin da maigadi ya jingine kusa da tabarmarsa. Fita kallon hawan sallah ka ga 'yan baka a cikin jerin. A 1804, a Tabkin Kwatto, maharba ne suka tsaya wa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo har aka karya dawakin Gobir. A Burmi, cikin 1903, Turawa sun zo da bindiga mai ruwa, amma kibiya ce ta kashe Manjo Marsh da ya jagorance su. Kakanninka ke nan. Kai kuwa da ka waye, danƙo kawai ka gada, shi ma ƙadangaren da ka auna da shi tun kana firamare yana nan bisa katanga yana gyaɗa maka kai.

Ka ce to ka ji, amma ina filin? Gidaje sun haɗe, kowane lungu an buga shago, filin ƙwallon unguwa ma an yanka shi fuloti-fuloti? Wannan kam ban musa ba. Amma tsaya, mita nawa kake nema? Na san abin da ya ruɗe ka. Gasar Olamfik ka gani a talabijin, mutane sun tsaya a mita 70 suna auna allo mai faɗin santimita 122, da'irar maki goma da ke tsakiyarsa ko taƙi ɗaya ba ta kai ba. Sai ka ɗauka daga nan ake farawa. Haba Malam! Kai da ba ka taɓa ɗana kibiya ba, me ya haɗa ka da mita 70? In aka tsayar da kai can, allon ne kaɗai zai kwana lafiya a unguwar.

Gasar cikin ɗaki, wadda gwanayen duniya ke fafatawa a cikinta lokacin sanyi, mita 18 ce kacal, allonta santimita 40. Taku ashirin da 'yan kai ke nan. Fulotin nan mai ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, wanda yayanka ya kewaye shekara da shekaru bai aza ko bulo ɗaya a ciki ba, tsawonsa ya kai mita 30. Ɗan koyo kuwa ko 18 ɗin ba a kai shi. A mita 5 ake tsayar da shi, wani lokaci ma babu zanen komai a jikin abin harbin, don kada neman tsakiya ya ɗauke masa hankali ya manta da tsayuwa, da riƙo, da inda hannu ke sauka ƙarƙashin haɓa, da yadda ake sakin tsarkiya ba tare da fizga ba. Mita 5 fa! Garejin motar nan da har yanzu ba ka saya ba ma ya ishe ka.

Af, ina kuma za ka? Ka ce shi ke nan, bari ka jingina kwali a katangar tsakar gida ka fara? Dawo, dawo, ɗan gaggawa! Ɗazu kana cewa babu fili, yanzu kuma za ka ja mana zaman kotu. Mai neman wurin harbi, kafin ya auna daga ƙafarsa zuwa allo, abin da ke bayan allon yake fara tambaya. Kibiyar bakan gasa tana fita da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, ta ɗan koyo ma ba ta san haƙƙin maƙwabtaka ba. Wa ke bayan katangar nan taka? Matar maƙwabci tana shanya, yara suna langa, ga akuya ɗaure a turke. Kibiya in ta daki siminti, ko ta karye ko ta dawo maka. In ta gogi gefen allo kuwa sai ta yi sama, ta haure katanga, ta tafi gaisuwar da ba ka aike ta ba.

Saboda haka ga abin da za ka duba. Wurin ya zama mai rufi, ko bayansa tudun ƙasa ne, ko doguwar katanga, ko fili fetal da kake hango ƙarshensa da idonka. Kada a sami ƙofa ko taga ko 'yar hanya tsakaninka da allo, inda yaro zai ɓullo da gudu yana bin taya. In akwai ƙofar, a garƙame ta, makullin ya kwana a aljihunka har a gama.

Ka ce irin wannan wuri sai Turai? Kai dai ba ka yawo da ido. Filin makarantar unguwarku, wa ke cikinsa ranar Asabar bayan asuba? Filin ƙwallo cikakke ya kai mita 100, mita 70 ɗin taka ta shiga har da canji. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne, mai rufi kuwa ya wadatar da harbin mita 18. Ɗakunan taron biki da suka cika gari, daga Litinin zuwa Laraba kujeru ne kaɗai ke hira a ciki. Bi ta Bompai da Sharaɗa a Kano, ko Kakuri a Kaduna inda masaƙu suka yi shiru, ka ƙirga dogayen sito da gizo-gizo ya gaje. In duk wannan bai yi maka ba, hau adaidaita sahu zuwa bayan gari da rani, bayan an kwashe amfanin gona, ka gai da mai gonar, ka tabbata babu makiyayi a kusa.

Ka ce ba za su yarda ba? Ka tambaya ne aka hana ka? Na san yadda za ka yi tambayar. Za ka faɗo ofishin hedimasta kai kaɗai, kwari a kafaɗa, fuska a murtuke, ka ce kana son filin yara don harbi. Wallahi ko ni ne shi, ta taga zan fita in kira 'yan banga. Garin da ya ga 'yan daba da 'yan sara-suka, in ɗan sanda ya tare mai yawo da kibau a titi, babu mai ganin laifinsa. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku sa wa kanku suna, ku rubuta takarda. Ku fara da mai unguwa, ku ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu, ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, ku faɗi rana da lokaci da sunan babban da zai tsaya a kan komai. Bakan zamani na koyo gida uku yake rabuwa, ya shige jaka babu mai sanin me ka ɗauko. In an zauna, sai ka fito da kibiya ɗaya ka miƙa wa hedimasta ya shafa tsininta: babu kunne, babu dafi, buhu kawai aka yi ta ta huda. Ka ƙara da cewa duk ɗalibin da iyayensa suka yarda za ku koya masa kyauta. Nan za ka ga ya cire tabarau ya ce a kawo muku kujera. Ka kuma leƙa hukumar wasanni ta jiharku ka tambaya, don Najeriya tana da ƙungiyar harbin baka ta ƙasa, wataƙila wasu sun riga ka shimfiɗa tabarma kana nan kana ƙorafi.

Ka ce babban birni da harbin baka ba sa zama inuwa ɗaya? Seoul ta Koriya ta Kudu fa, ƙauye ce? A tsakiyarta, a gindin dutsen Inwangsan, akwai tsohon filin harbi da ake kira Hwanghakjeong, har gobe ana harba bakan gargajiya a can daga mita 145. A Santambul, Sarki Muhammadu Alfatih ya keɓe wa maharba fili guda, Okmeydani. Gidaje sun cinye mafi yawansa, kamar yadda aka yi wa filin ƙwallonku, amma a 2013 an sake buɗe wurin maharba a wani sashe nasa. A Ingila kuwa, cikin 1363, Sarki Edward na Uku umarni ya bayar cewa maza masu lafiya su riƙa koyon harbi a ranakun hutu, ya kuma hana ƙwallon ƙafa da ire-irenta, wanda ya ƙi ji a ɗaure shi. Da a zamaninsa kake, da kai da abokan gardamarka na gidan kallo kuna can kuna ƙirga kwanaki.

Ka ce ai waɗannan ƙasashen masu kuɗi ne? To zo nan maƙwabta, Chadi. Israel Madaye mai gyaran lantarki ne a Njamena. Da ya rasa filin kirki, jaridu sun ba da labarin cewa har a maƙabarta ya riƙa atisaye, kuma a haka ya kai kansa gasar Olamfik ta Paris a 2024. Can ya haɗu da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya kwashe zinare uku a gasar. Ka ce ai ka ji labarin, an lallasa shi, har wata kibiyarsa maki ɗaya tak ta ci? Ƙwarai an lallasa shi, amma a Paris, duniya tana kallo. Kai a ina aka lallasa ka? Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Kuma ka riƙe darasi biyu. In kibiyar ɗan Olamfik za ta iya kaucewa har bakin allo, taka sai Allah ya kiyaye, don haka kada ka raina abin da na faɗa maka game da bayan allo. Na biyu, ban ce ka nufi maƙabarta ba, na kwance suna da alfarmarsu.

Ka ce kayan da tsada? Bakan gasa kam da tsada, amma wa ya aike ka? Abin harbi dai a gida ake haɗa shi. Nemi buhun taki, ka bi teloli su ba ka ƙyallaye, ka haɗa da tsofaffin leda da guntayen soson katifa. Cusa, ka danna da ƙafa, ka ƙara cusawa, har ya zama in ka naushe shi hannunka ne zai yi ƙara. Ɗinke bakin da basilla. A bayansa ka rataye tsohuwar darduma, ka bar ta sako-sako, don wadda ke lilo ta fi wadda aka ɗame shanye ƙarfin kibiya. Dardumar taimako ce kawai, ba ta ɗauke maka neman katanga ba. Baduku zai yanka maka fatar da za ta kare yatsu uku masu jan tsarkiya, da wadda za ka ɗaura a sangalin hannu. Ka ce kai namiji ne, ba ka bukata? Bari tsarkiya ta tsula maka sau ɗaya, wurin ya yi jawur ya kumbura, ka kwana kana hura masa iska, gobe da kanka za ka yi wa badukun sammako.

Haka batun nauyin baka. Ɗan koyo da mai nauyin ja kamar kilo 9 yake farawa, gwanayen gasa su ne ke jan sama da kilo 20. Ka ce a ba ka na gwanaye, ai kai kana ɗaga buhun siminti? Ɗaga buhu daban, riƙe tsarkiya cak a haɓa kana numfashi a hankali daban. Kafaɗarka ce za ta kai ƙararka. Kuma kada ka kuskura ka ja tsarkiya ka saki babu kibiya don burge yara, bakan ne zai tsage a hannunka. Ranar da babu fili, yanki robar tayar keke, ka tsaya gaban madubi, ka ja, ka riƙe, ka saki. Gwanaye ma suna yi, kuma har yau ba a ji wanda ya harbi akuyar maƙwabci da ita ba.

Ke kuma Hajiya da kike dariya a gefe, ba ki tsira ba. Kin ce wannan harkar maza ce? Matan Koriya ta Kudu sun ci zinaren ƙungiya a Olamfik sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024, babu wadda ta karɓe musu. Harbi natsuwa yake so fiye da ƙwanji, kuma ɗakin taron makarantar mata, a rufe ƙofa, ya ishe ku ku da ƙawayenki. Maigidan dai ya riƙe muku jaka a waje.

Ka ce kai ma fa ɗan baka ne tun asali, a jininka yake? Na yarda. Duk majalisar mai shayi ta shaida da baka kake harbi, kuma ba ka taɓa kuskuren kowa ba. Sai dai a filin akwai doka, bakin ma hutawa yake yi. Kowa a layi ɗaya yake tsayawa. Ba a ɗana kibiya sai mai usur ya busa, ba a jan baka ana kallon sama, ba mai taka ƙafa ya ɗauko kibiya sai kowa ya ajiye bakansa an sake busawa. Wanda ya hango mutum ko dabba ya yi ihu a tsaya, ko da shi ne ƙaramin cikinku. Doka ta ƙarshe kuwa ita ce ta fi shafar ka: wanda kibiyarsa ta fi nisa da buhu, shi ke sayen ƙosai da kunun kowa. Ka taho da canji, Malam, kuma da ɗan yawa.